Yadda Ake Kare Mai Gigin Tsufa Daga Zafin Bazara

Bazara shida na yi ina jinyar mahaifiyata bayan gigin tsufa ya kama ta, daga baya kuma na taya yayata jinyar surukinta na bazara biyu. Abin da zan faɗa a nan can na koyo shi, wani a bakin ma'aikatan jinya, wani kuwa sai da na yi kuskure na ga sakamakonsa da idona. Zan riƙa cewa "ita" domin Inna ce a raina, amma duk bayanin ya hau kan namiji.

Mai wannan lalura, wadda a asibiti ake ce wa ciwon mantuwa, ba za ta ce muku tana jin ƙishirwa ba. Tsufa kansa yana rage jin ƙishi, yana kuma rage gumin da jiki ke sanyaya kansa da shi. In mantuwa ta haɗu da wannan, sai ka ga mutum zaune da moɗa cike a gabansa, leɓe ya bushe har ya tsattsage, bai miƙa hannu ba. Nakan ce, "Inna, za ki sha ruwa?" ta ce, "Yanzu na sha." Ba ƙarya take yi ba, a wajenta haka abin yake. Don haka aikin duka ya koma kanku: ku ne za ku ji mata ƙishirwa, ku ji mata zafi.

Zafin namu kuma ba na wasa ba ne. Daga Maris zuwa Mayu, a Sakkwato da Maiduguri da Yamai, zafi kan wuce digiri 40 kwana da kwanaki a jere. A ranar 3 ga Afrilun 2024 garin Kayes na ƙasar Mali ya kai digiri 48.5, ana cikin azumi, kuma asibitin Gabriel Touré da ke Bamako ya ƙirga mutuwar mutum 102 a kwana huɗun farko na watan, da yawansu tsofaffi.

Kayan da za ku tanada

- Randa ko tulu mai murfi. A girke ta a inuwa kan jiƙaƙƙen yashi.
- Babbar robar ruwa mai cin lita ɗaya da rabi, wadda za ta zama tata ita kaɗai.
- Kofi ko moɗar da ta saba da ita, mai mariƙi, mara nauyi. In akwai mai launi mai ɗaukar ido ya fi, domin farin kofi mai ruwa a ciki ba ya jan hankalinsu.
- Ƙananan tawul uku ko huɗu, ko tsohon zanen atamfa a yayyaga, da ƙaramin baho.
- Mafici, da fanka mai caji in da hali.
- Buhun algarara ko bargo mara kauri na ratayawa a taga.
- Ma'aunin zafin jiki, irin wanda ake sa wa a hammata. Ana samu a kemis.
- Ƙunshin ORS, wato garin haɗa ruwan gishiri da sukari na kemis, guda biyar ko shida.
- Takalmin silifa da ba ya santsi, da gidan sauro.
- Lambar wayar mai mota ko mai adaidaita sahu na unguwa, wanda zai ɗaga waya ko da tsakar dare. A rubuta ta a bango, kar a bar ta a wayar mutum ɗaya.

1. Ku fara da ledar magani

Tun cikin Fabrairu, kafin sanyi ya gama tafiya, ku tattara duk maganin da take sha, na asibiti da na kemis da na gargajiya, ku kai wa likitan da ke duba ta ko ƙwararren mai harhaɗa magani. Tambayar ita ce: wanne ne a ciki yake ƙara haɗari a lokacin zafi? Magungunan hawan jini masu sa fitsari, irin su Lasix da Moduretic, suna fitar da ruwan jiki. Waɗanda ake bayarwa don kwantar da rikici ko sa barci, irin su Largactil da haloperidol da amitriptyline, da Artane, har ma da Piriton da muke saya kamar alewa, suna iya hana gumi ko hana jiki daidaita zafinsa.

Kada ku dakatar da ko ɗaya da kanku. Likita ne zai ce a rage, a sauya, ko a bari. Kuma a wannan zaman ku tambaye shi yawan ruwan da ya dace ta sha, musamman in tana da ciwon zuciya ko na ƙoda, domin waɗannan akan ƙayyade musu ruwa, kuma lissafin da zan kawo a ƙasa bai hau kansu ba. Maganin kansa a ajiye shi a wuri mafi sanyi a gidan, ba kan taga ba.

2. Ku duba inda take yini

Ku shiga ɗakinta da ƙarfe biyu na rana, ku rufe ƙofa, ku zauna minti goma. In ku ba za ku iya ba, ita ma ba ta iyawa, faɗa ne kawai ba ta yi. Ɗakin kwano mara silin shi ne mafi muni, sai wanda bangonsa ke fuskantar yamma, domin yana shan rana tun azahar ya riƙe zafin har tsakar dare. Tsohon ɗakin ƙasa mai rufin azara, wanda yara ke rainawa, ya fi su duka sanyi. Mu dai sai da muka kwashe tarkacen da ke cikin namu muka mayar da Inna can.

Amma sauya ɗaki yana rikita mai gigin tsufa. Ku kai kayanta da ta sani tun kafin ita: sallayarta, carbinta, akwatinta, rediyonta. Ku fara da yinin rana kawai, kwana ya biyo baya. In ta ƙi ƙememe, a bar mata ɗakinta na kwana, a yi mata shimfiɗar yini a zaure ko ƙarƙashin darbejiya, wani ya zauna tare da ita yana hira.

Tagar da rana ke bugawa a rufe ta da rana, a buɗe duka da daddare. In kun jiƙa buhun algarara kun rataya a tagar da iska ke shigowa, ɗakin zai yi sanyi sosai a Maris da Afrilu lokacin da iska take a bushe. Da hadari ya fara haɗuwa, iska ta yi nauyi, wannan dabarar ta daina aiki, sai dai ta ƙara muku gumi. Janareta kuma ya zauna a waje, nesa da taga. Hayaƙinsa yana kashe mutum cikin barci.

3. Ruwa: ba a tambaya, miƙawa ake yi

Nan ne aikin yake. Da asuba ku cika robar nan ta lita ɗaya da rabi daga randa. Duk wanda zai ba ta ruwa daga ciki zai tsiyaya, ba daga wani wuri ba. In aka yi sallar isha robar ba ta ƙare ba, kun san ba ta sha isasshe ba. Ba tare da wannan ba, a gida mai mutane goma kowa zai ɗauka wani ya ba ta. Lita ɗaya da rabi daidai yake da ruwan leda uku, kuma shi ne mafi ƙaranci. A ranakun da garin ya ɗau zafi sosai ku nufi lita biyu, har da kunu da fura.

Kada ku cika kofi ku ce ta shanye. Rabin kofi kowace awa ya fi. Ni nakan ɗaure shi da abin da ba a mantawa: kafin kowace salla da bayanta, da kowane abinci, da kowane shan magani. Ku sa kofin a hannunta, ku ɗauki naku ku sha a gabanta. Sau da yawa ganin wani yana sha shi ke tuna mata abin da ake yi da kofi. Maimakon "za ki sha?" sai ku ce, "Inna, ɗanɗana mini wannan ki ji ko ya yi sanyi." Tsohuwar da ta yi shekara hamsin tana riƙe da gida ba ta ƙin a nemi ra'ayinta.

In ta ƙi, akwai dalili, kuma yawanci ɗaya ne cikin ukun nan.

Na farko fitsari. Tana gudun tashi akai-akai, ko tana jin kunyar ya kufce mata, ko ba ta son alwalarta ta karye. Inna takan yini da alwalar asuba saboda wannan. Maganinsa a kusanto mata da wurin kama ruwa, ko a ajiye fo a bayan labule, a riƙa raka ta duk bayan awa biyu ba tare da an jira ta nema ba. Yawancin ruwan a ba ta shi daga safe zuwa la'asar, don dare ya yi sauƙi. Kuskuren da na gani a gidaje da yawa shi ne a rage wa tsohuwa ruwa da gangan don wankin zannuwa ya ragu. Na san wahalar wankin, na yi shi. Amma a bazara wannan hanya ce ta kai ta gadon asibiti, kuma ƙarancin ruwa yana jawo ciwon mafitsara, wanda shi ma ƙara yoyon yake yi.

Na biyu azumi. Surukin yayata yakan tashi ya ce yana azumi, ko a watan Rajab ne ko Safar. Gardama ba ta amfani. Abin da ya yi aiki shi ne malamin da yake girmamawa ya zo ya zauna da shi, ya gaya masa Allah ya ɗauke masa, ya kuma sha ruwa tare da shi. Bayan kwana biyu ya manta, sai a kira malam a waya ya sake faɗa. Ku tambayi malamai hukuncin wanda hankalinsa ya gushe tun kafin Ramadan ya kama, kar ku bar tsoho ya yanke wa kansa. Ku lura kuma yanzu da Ramadan yake matsowa cikin sanyi, Sitta Shawwal da azumin Litinin da Alhamis su ne ke faɗawa tsakiyar zafi.

Na uku haɗiya. In tana tari ko ƙwarewa duk sanda ta sha, ko muryarta ta koma kamar mai kurkure baki, ruwan yana bin hanyar iska. A zaunar da ita sosai, kai ya ɗan sunkuya, a ba ta kaɗan-kaɗan da cokali. Abu mai ɗan kauri kamar kunu ko koko yakan fi sauƙin wucewa. Kada a taɓa ɗura wa wanda yake kwance. Wannan matsala a kai ta gaban likita.

Wadda ba ta son ruwa zalla, a sarrafa mata shi: farau-farau, fura da nono mai ruwa-ruwa, kunun zaƙi, kunun aya sabon haɗi, ruwan tsamiya, kankana, lemon zaƙi, gurji. In tana da ciwon sukari a bar zaƙin. Zoɓo yana ɗan saukar da hawan jini, don haka mai shan maganin hawan jini a taƙaita mata. Kunun aya da nono kuma saurin lalacewa suke yi a zafi, na safe ba ya kai yamma. Gudawa a jikin tsohuwa a watan Afrilu babbar magana ce.

ORS ba abin sha na kullum ba ne, musamman ga mai hawan jini. Ana haɗa shi in an yi gudawa, ko amai, ko an ga alamar bushewa. In babu na kemis, a samu ruwa mai tsabta lita ɗaya, wato ruwan leda biyu, a zuba sukari ƙaramin cokalin shayi shida a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali. Kar a ƙara gishirin. Abin da ya kwana ya yini a zubar.

4. Abinci

Kaɗan-kaɗan, sau huɗu ko biyar. Mai nauyi kamar tuwo a bar shi sai dare ko da sassafe, a yawaita miya. Da rana fate, ko kunu, ko 'ya'yan itace. Goro da shayi ba sai an hana ba in ta saba, hanawar ma rigima ce, sai dai a rage, a haɗa kowanne da kofin ruwa.

5. Tufafi, wanka da fanka

Da sanyi ya wuce ku kwashe rigunan sanyi da barguna daga inda idonta zai gani. Na taɓa dawowa daga kasuwa na tarar da Inna da rigar sanyi biyu da zani uku, ana tsakar rana, fuskarta ta yi jajir. Abin da ta gani a akwati shi take sawa. A bar mata kaya biyu ko uku na auduga, sakakku, masu haske. Hijabin roba da leshi su jira damina. Namiji kuma a bar babbar riga da rawani sai ranar Juma'a.

Wanka safe da yamma in ta yarda. Ku taɓa ruwan da hannunku tukuna, domin ruwan tankin sama da azahar yana iya ƙona fata, ita kuwa ba lallai ta janye ba. Haka simintin tsakar gida, kar ta taka shi ba takalmi. In ta ƙi wanka, ga hanya mafi sauƙi da na samu: "Inna, zo mu sabunta alwala." Ba ta taɓa ƙi ba. Fuska, hannuwa, kai da ƙafafu sun jiƙe, buƙata ta biya. Tsakanin azahar da la'asar a riƙa goga mata jiƙaƙƙen tawul a wuya, hammata da hannuwa. Mai sa kunzugun manya a riƙa sauya mata da wuri, a busar da matse-matsi, don ƙurajen zafi a nan suke fara zama gyambo.

Fanka ita kaɗai tana yaudara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in zafin wuri ya kai digiri 40, fanka ƙara wa jiki zafi take yi, don iska mai zafi take hura wa. Ga tsohuwar da ba ta gumi sosai, matsalar tana farawa tun kafin nan. A jiƙa fata ko a yayyafa wa rigarta ruwa, sannan a kunna fanka ko a yi fifita. Fanka mai caji a adana cajinta don ƙarfe ɗaya zuwa biyar na yamma da kuma farkon dare.

6. Ƙofar gida

Mai gigin tsufa yakan tashi ya ce zai tafi gona, ko kasuwa, ko gidansu na haihuwa da aka rushe shekara arba'in da suka wuce. A bazara, awa ɗaya a rana ta isa ta kayar da shi. Ku ɗinka ƙaramin ƙyalle a cikin aljihu ko bakin zani mai ɗauke da suna, unguwa da lambar waya. Ku gaya wa mai shago, mai shayi, ladan da yaran layi: in kun gan shi shi kaɗai, ku zaunar da shi a inuwa, ku ba shi ruwa, ku kira mu. Ɓoye lalurar don gudun surutu ba ya kare kowa. A rataya ƙararrawa ko gwangwani mai tsakuwa a ƙyauren gida.

Kada a kulle shi shi kaɗai a ɗaki, kada a ɗaure shi. Ɗakin da aka kulle da rana tanda ne. Son fita kuma ba ya mutuwa don an hana, don haka a fita da shi da sassafe ko bayan magariba ya taka ƙafa. Masallaci a raka shi asuba, magariba da isha, azahar da la'asar a yi jam'i da shi a gida. Ranar Juma'a, in dole ne, a je da wuri a samu cikin masallaci, ba sahun kan kwalta ba. Asibiti ko gaisuwa a tafi da safe. Kuma ko na minti biyar ne, ba a barin tsoho a cikin mota a tsaye.

7. Duban safe da yamma

Abu huɗu nake dubawa. Fitsari: in ya yi duhu kamar shayi, ko aka yi awa shida zuwa takwas ba ta yi ba, ruwa ya yi ƙaranci. Baki: harshe a bushe, yawu ya yi danƙo. Hammata: in ta bushe ƙayau cikin wannan zafi, ba alama ce mai kyau ba. Sai hali. Jan fatar hannu a ga ko za ta koma, wanda ake yi wa yara, ba ya nuna komai a jikin tsoho, don fatarsa da ma ta saki.

Halin shi ne ya fi ruɗar mutane. In rikicinta ya ƙaru farat ɗaya cikin yini ɗaya ko biyu, ko mai surutu ta yi shiru tana ta barci, ko ta fara jiri in ta miƙe, kar ku ce "jikin tsufa ne" ko "iska ce". Gigin tsufa a hankali yake tafiya, wata da watanni. Sauyin dare ɗaya yana nufin wani abu ya shigo: bushewar jiki, ciwon mafitsara, zazzaɓin cizon sauro. A sanyaya ta, a ba ta ruwa, a kai ta a duba a ranar. Bazara kuma lokacin sanƙarau ne a ƙasarmu, zazzaɓi da sandarewar wuya ba sa jiran gobe.

8. In zafi ya buge ta

Matakin farko shi ne galabaita: kasala, ciwon kai, tashin zuciya, jiri, jiki ya yi laushi. A kai ta inuwa, a kwantar, a ɗan ɗaga ƙafafu, a rage kaya, a jiƙa jiki ana fifita, a ba ta ruwa ko ORS kurɓi-kurɓi. In rabin awa ta wuce ba sauƙi, sai asibiti.

In kuwa jiki ya yi zafi rau, ma'auni ya nuna 40 ko kusa, ba ta gane kowa fiye da yadda aka saba, magana ta sarƙe, ko ta suma, ko tana jijjiga, to rai ake ceto. Mutum ɗaya ya kira mai mota, sauran su fara sanyayawa nan take. A cire kaya, a kwarara mata ruwan randa a jiki duka ana fifita da ƙarfi. In akwai ƙanƙara a naɗe ta a tsumma a sa a wuya, hammata da matse-matsi. Tawul ɗin da ya ɗumama a sauya shi, kar a lulluɓe ta da shi a bari. In ba ta cikin hayyacinta a kwantar da ita ta gefe, kada a ɗura mata komai a baki, ko ruwa ko rubutu. Farasitamol ba ya saukar da irin wannan zafin, kar a ɓata lokaci a kansa. A ci gaba da jiƙa ta a cikin mota, tagogi a buɗe, a tafi da ledar magungunanta, a gaya wa likita ƙarfe nawa abin ya fara.

9. Dare, da ƙarshen bazara

In ɗaki ya riƙe zafi, a yayyafa wa tsakar gida ruwa da magariba, a yi mata shimfiɗa a waje cikin gidan sauro, wani ya kwana kusa da ita, ƙofar waje a rufe, rijiya ma a rufe. Katifar soso mai ledar kariya tana tara zafi, a shimfiɗa tabarma da zani biyu a kai. A bar fitila mai ɗan haske a hanyar bayan gida.

Ku raba kwanakin tsakaninku a rubuce, har da maza, domin mai jinyar da ta yi sati ba barci ita ce ke manta robar ruwa. Duk wanda zai karɓa a nuna masa inda ruwan ya tsaya a robar da lokacin fitsarin ƙarshe. Kuma kar ruwan farko ya sa ku saki jiki. Makonnin da ke tsakanin ruwan farko da zaman damina, lokacin da gari ke yin gumi ba iska, su ne suka fi wahalar da Inna kowace shekara. Ni ba na ajiye robar sai an shiga Yuli.